Gayaunar da Ba a Noma da Safe

Ku 'ya'yana, kun sha jin ana cewa ni da yayana Alhaji Sani mun yi shekaru ba ma gaisawa saboda gona. Wasu ma sun ce muku kwaɗayin gado ne ya shiga tsakaninmu. Duk wanda ya san gonar zai yi dariya, don in ka ɗaure jaki a tsakiyarta da doguwar igiya, gyaɗar maƙwabta zai ci. Tunda yanzu gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara gardama, gara in rubuta muku yadda abin ya faru kafin masu ƙarin gishiri su gama da shi.

A bayan gidanmu na Nahuce take, kusa da tsamiya. Gayauna ce, wato 'yar gonar da mutum yake nomawa don kansa, ban da babban gandun gida. Tun muna yara akwai doka a kanta: ba a sa mata fartanya da safe. Ba shuka, ba noma, ba girbi, sai an yi sallar la'asar. Da muka tambaya, mahaifinmu ya ce akwai aljani a tsamiyar, mai barcin safe ne, ba ya son a dame shi. Mu kuwa muka yarda, wa zai so ya tashi aljani daga barci? Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanwarsa Gwaggo Asabe ce ta ci gaba da kula da ita. Ni a lokacin ina malamin gona a Gusau, ina yawo ƙauye-ƙauye a kan babur ina gaya wa manoma su sammaka gona tun da sanyin safiya, alhali a gidanmu akwai gonar da ba ta karɓar baƙo sai yamma. Abokan aiki sun sha yi mini tsiya a kan haka, nakan ce aljaninmu bai yi makaranta ba.

A shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da ba mu jiha ba, Gusau ta cika da sababbin manya, kowa yana neman rawanin da zai ɗora. Yaya Alhaji yana cikin manyan 'yan hatsi na kasuwa, kuma ana maganar za a naɗa shi shugabancin 'yan kasuwa, har da rawani. Ya samo wani maroƙi ya ƙera mana asali sabo fil, wai mu jikokin wani malami ne da ya taso daga gabas da raƙuma shaƙe da littattafai. Ni dai ban taɓa ganin ko shafi ɗaya ba. Wata rana ya same ni a gidan nan na Tudun Wada, ya ce akwai mai son gayaunar zai gina rumbun ajiya, mu sayar mu huta, Gwaggo ta tsufa. Gadonmu ne mu biyu, sai na yarda za a yi. Na ce to, ban ga abin riƙewa a gonar aljani ba. Aka sa ranar Juma'a mai zuwa a haɗu a Nahuce a gama magana.

A cikin makon nan ne shugabanmu a wurin aiki ya kira ni. Ya ce wani injiniyan rijiyoyin burtsatse da ya zo daga Amurka mahaifiyarsa ta kawo masa ziyara, kuma ba ta son komai sai a kai ta ta ga gonaki. Tunda ina jin Turanci, ni aka ba aikin. Na goge takalmi, na tafi ina tsammanin Baturiya mai jan kunne. Sai na tarar da wata tsohuwa baƙa, ta fi ni duhu, ta ɗaura ɗankwali, tana zaune tana fifita da kwali. Wallahi da a Bungudu na gan ta, cewa zan yi Inna ina kwana. Sunanta Della, mutanenmu suka mai da ita Dela tun ranar farko, ita ma ta karɓa.

Ranar farko Tsafe muka nufa, muka biya ta gonakin Kucheri, sannan muka shiga kasuwa. Mata suna ta gaishe ta, ita kuwa sai murmushi take yi. Wata mai sayar da daddawa ta kasa haƙuri, ta jawo hannun rigata.

"Malam, wagga tsohuwa taka kurma ce ko girman kai? Sau nawa ina gaishe ta!"

Na ce mata daga Amurka take, ba ta jin Hausa.

"Amurka? To wa ya kai ta can?"

Na fassara wa Dela ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in gaya wa matar cewa tambayar da ta kawo ta ke nan.

Da muka zo layin masu wake sai ta tsaya cak. Ta durƙusa da ƙyar, ta nutsa hannu cikin ƙwaryar farin wake mai baƙin ido. Can ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan gwangwani, ta buɗe mini. Wake ne a ciki, irin namu sak, sai dai ƙwayar ta ɗan fi ƙanƙanta. Ta ce irin gidansu ne, tun daga uwar kakarta ake shuka shi ana ajiye iri, ba a taɓa bari ya yanke ba. Ni da na karanta a makarantar aikin gona cewa wake da kuɓewa da riɗi daga ƙasashenmu suka ƙetara teku, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina a hannun wa suka ƙetara ba. Ranar nan, a tsakiyar kasuwar Tsafe, tsigar jikina ta tashi.

A hanyar dawowa na lura yatsu biyu na hannunta na hagu a karkace suke. Na tambaye ta ko haɗarin mota ne. Ta ce a'a, kulki ne. Daga nan ta buɗe mini abin da ban taɓa ji daga bakin wanda ya gani ba. Ta ce a garin da ta tashi, famfon shan ruwa ma biyu ne, na farare daban, na baƙaƙe daban. In ta shiga mota sai ta wuce baya, ko da gaba babu kowa. Da ta zama budurwa ta je ta rubuta sunanta don ta yi zaɓe, aka yi ta yi mata tambayoyin da ko mai tambayar bai san amsarsu ba, aka ce ta faɗi. Washegari matar da take wa aiki ta kore ta. Sai suka haɗu su da yawa suka fita titi, ba sanda, ba dutse, sun yi alkawari ko an doke su ba za su rama ba. Aka sako musu karnuka, aka bi su da kulki. Ta ɗaga hannu ta kare kanta, shi ne yatsun suka karye, kuma a kurkuku suka haɗe da kansu. Na ce, Inna, mutum ya ga kulki ya tsaya? Ta ce in ka gudu yau, gobe ɗanka ne zai tsaya a wurin. Ta yi zaɓe daga baya, da wannan hannun ta riƙe takardar. Direbanmu ba ya jin Turanci, amma har muka shigo Gusau bai kunna rediyo ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda take cewa kakarta a cikin bauta aka haife ta. Kai a ɗage take faɗa, kamar yadda ɗayanmu zai ce kakansa limami ne. A nan wurinmu kuwa kun sani, a ce maka bawa ko ɗan baiwa, magana ce da take kashe aure, ta hana mutum limanci, ta bi jikokinsa. Na ji kunya a madadinta, har na rage murya, sai ka ce wani zai ji mu.

Kashegari na kai ta Nahuce, don ta ci tuwon Gwaggo ta san ta zo ƙasar Zamfara. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, gero ya kai gwiwa, daidai lokacin jefa wake a tsakaninsa. Muka iso bayan azahar. Kowa yana gona, amma Gwaggo tana zaune a gindin tsamiya, ga sungumin shuka a gefenta, ga ƙwaryar iri a gabanta, tana kallon inuwa. Aka gaisa, aka sha fura. Dela ta dubi gonar, ta dubi Gwaggo, ta ce me take jira, ga ƙasa tana shan iska? Na yi mata bayanin aljaninmu mai barcin safe, ina ƙara masa gishiri don ta yi dariya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in tambayi tsohuwar da kanta.

Na tambaya. Idon Gwaggo kuwa yana kan hannun Dela.

"Garba, mi ya sami yatsun wagga baƙuwa?"

Na gaya mata duk abin da na ji a mota, na ƙara da cewa kakarta baiwa ce, daga ƙasashen nan aka kwashe kakanninsu aka sa a jirgin ruwa. Gwaggo ta miƙa hannu ta kama yatsun nan biyu, tana shafa su kamar mai duba karaya.

"Ita da bakinta ta hwaɗa maka kakarta baiwa ce?"

Na ce da bakinta.

"Ba ta ji kunya ba?"

Na juya tambayar. Dela ta ce, kunyar ai ta wanda ya saya ce da wanda ya sayar, kakarta aiki kawai ta yi.

Gwaggo ta saki hannun Dela. Sai ta gyara zama.

"To hwaɗa mata, kai ma ka ji. Babu aljani ko guda cikin wagga tsamiya. Ubanku ya ƙago shi, Allah shi jiƙan shi, ya kuma ɗaure min baki. Kakata baiwa ce. Tana yarinya anka kamo ta bakin rafi, can kudu, ta tahi ɗibar ruwa. Sunan da uwarta ta raɗa mata ba mu san shi ba, Alheri anka sa mata nan. Tun asuba tana gandun ubangijinta, sai an yi la'asar a sallame su. Abin da ya rage na rana, shi ne nata. Da wagga ragowar rana ta noma wake da auduga nan inda kake zamne, ta yi kaɗi, ta tara, ta fanshi kanta. Ta koma ta sake tarawa, ta fanshi ɗanta. Shi ne ubana, kakanka."

Na kasa fassarawa, Dela sai taɓa ni take yi. Gwaggo ta ci gaba.

"Da ta samu kanta anka ce mata, to Alheri, yanzu safiya taki ce. Ta ce sauran gonaki a yi musu safiya, wagga ba ta san ni ba sai da yamma. A bar ta haka, wata rana wani zai tambayi dalili, a hwaɗa mashi. Kunka tambaya, anka ce aljani, kunka yarda. Sai yau mai tambaya ta zo."

Ban san yadda na juya maganar nan zuwa Turanci ba, na dai juya. Dela ta rufe baki da hannu, hawaye yana bin yatsun nan karkatattu. Sannan ta ce, a bayan bukkar da aka haifi kakarta akwai ɗan fili kamar wannan. Yini na mai gonar auduga ne, sai rana ta yi ja a kaɗa ƙararrawa, sannan uwar kakarta ta ɗauki fartanya ta shiga nata. Waken da ke cikin gwangwanin nan daga filin ya fito. Na ce yanzu filin yana ina? Ta ce bayan an 'yanta su sun yi wahala sun mallaki ƙasa a wurin, amma 'yan uwa suka sayar tun tana ƙarama. Ta je ta gani da girmanta, an malale shi da kwalta, motoci ake ajiyewa. Ta ce in da ƙasar tana nan, da ba ta tsufa tana yawo da gwangwani ba.

Sai ladan ya kira la'asar. Ni da Gwaggo muka yi salla, Dela tana zaune tana jiranmu. Sannan Gwaggo ta ɗauki sungumi, ta miƙa wa Dela ƙwarya. Dela ta juye rabin gwangwaninta a cikin irinmu, ta gauraya da hannu. Gwaggo tana gaba tana sara, Dela tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ba wanda ya nuna mata yadda ake rufewa, haka ta ce kakarta take yi. Tsofaffi biyu, ɗaya ba ta jin ɗaya, teku a tsakaninsu da shekarun da Allah kaɗai Ya san adadinsu, amma ƙafarsu ɗaya a kan kunyar gona. Na tsaya a gindin tsamiya ina ta Allahu Akbar a zuci. Na yi aikin Hajji daga baya, na ga taron da ya girgiza ni, amma ban ɓoye muku ba, abin da na ji a yammacin nan ban sake jin irinsa ba. Aka ɗebi mutum daga bakin rafi, aka raba shi da sunansa, aka bar masa ragowar rana kawai, da ita ya sayi kansa. Kuma wai ni jininsa ne, ina yawo a babur ban sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a zauren gidanmu: Yaya Alhaji, mai saye, dattawan unguwa da za su yi shaida. Na ce na janye, ba zan sayar ba. Da na tsaya a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma Yaya ya matsa.

"Garba, kai da ka ce to? Mi ya canza? Hwaɗi dalili gaban mutane."

Na dube shi, na gane ya sani. Ashe shi ya daɗe da sani, don shi ne babba. Daga baya na ji tun yana yaro wani ya taɓa jefa masa kalmar bawa a dandali, ya koma gida yana kuka, mahaifinmu ya gaya masa gaskiya ya ce ya haɗiye. Idonsa yana roƙona in kawo kowane irin dalili ban da wancan. Ni kuwa yatsun Dela nake gani. Na ce gonar Alheri ce, kakar mahaifinmu, baiwa ce, da gonar nan ta fanshi kanta ta fanshi kakanmu, kuma ni ba zan sa hannu a zuba mata siminti ba. Dattawan suka sunkuyar da kai, su dama sun sani, ba a dai taɓa faɗa da rana tsaka ba. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Ka tuɓe mu tsakar kasuwa, Garba. Allah shi isar min."

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kasuwar Gusau, rawanin da aka auna da kan Yaya aka naɗa wa wani. Maroƙin nan ya kwashe raƙumansa da littattafansa ya kai wa wani mai kuɗin. Auren babbar 'yarsa da aka kusa sa rana ya watse, ko da yake Allah Ya ba ta wanda ya fi. Ni ma an yi ta kirana jikan Alheri ana ƙunshe dariya, nakan ce na'am, tattaɓa-kunne dai, a gyara lissafi. Amma na rasa yayana, mutumin da ya goya ni zuwa makaranta lokacin da rafi ya cika. Mu haɗu a jana'iza ya kau da kai, in aika gaisuwar salla a dawo mini da ita. Har yau ina ganin da gaskiyata, kuma har yau ina jin ciwon abin da ya same shi. Biyun duka ina ɗauke da su.

Dela ta koma ƙasarsu da waken Gwaggo a gwangwaninta. Ba ta sake zuwa ba, ɗanta ya gaya mini ta shuka shi a bayan gidanta har ƙarshen rayuwarta. Namu da nata sun gauraye a gayaunar, ni da nake malamin gona ban iya raba muku su yanzu. Kun san halin da hanyar Nahuce ta shiga a 'yan shekarun nan, an koma ɗaukar mutane daga gona ana neman fansa, abin da muka ɗauka ya wuce da zamanin Alheri. Wata daminar a samu a shuka, wata ba a samu ba. Shi ya sa kuke ganina da la'asar a bayan gidan nan ina tonon ƙasa, kuna cewa Baba ya rasa aikin yi. Iri nake riƙe muku. Gonar kuwa ko ta shekara nawa a kwance, kada ku sayar, kuma in yaro ya tambaya, kada a ce masa aljani.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya muku ba. Daminar da Gwaggo ta rasu, aiki ya riƙe ni, ciyawa ta nemi cinye gayaunar. Da na samu kaina na hau babur na tafi Nahuce da fartanyata, sai na tarar an nome ta tas, kunya-kunya, noman wanda ya iya amma ya daɗe bai yi ba. Na tambayi maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma wa ya yi mini wannan alheri. Ya ce Alhaji ne, jiya. Ya ajiye mota nesa, ya zo shi kaɗai, ya ce kada a gaya mini. Yaya bai taɓa yi mini maganar ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa yi masa ba, ko da muka dawo muna gaisawa a ƙarshe. Na ce wa Malam Ɗanjuma, Alhaji da tumbinsa, a cikin ranar nan?

"Wace rana? Tun azahar ya iso, ya tuɓe babbar riga, ya zamna gindin tsamiya da fartanya bisa cinya. Na ce Alhaji, ga hadari ya rufe rana, ga ƙasa da taushi, shiga mana ka gama da wuri. Bai ko dube ni ba. Ya ce, ba a yi la'asar ba."